Ka Bar Keken Nan a Zaure

Garin Lafiya, ranar Laraba bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Umaru,

Gaisuwa ta uba ga autansa, tare da roƙon Allah ya kai ka Keana lafiya, ya tsare ka a mota, ya tsare ka a masauki, ya raba ka da sharrin maƙiyi da na mai nuna maka ƙauna da wata manufa. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. Dalilin shi ne muryata ba ta kaiwa inda nake so yanzu. In na fara magana tari ya katse ni, kafin in dawo daidai ka riga ka ce "To, Baba," idonka yana kan ƙofa. Takarda ba ta tari. In ka ga layi ya karkace, tsufa ne, ka bi shi a hankali. Zan sa ta cikin hularka ta aiki, don na san ita ce abin da ba za ka manta ba gobe da safe.

Shekaranjiya ka karanta mini takardar da hukumar En'e ta ba ka ta kama aikin duba-gari, kana fassara mini kamar ban taɓa zama a aji ba. Ban hana ka ba, daɗin muryarka nake ji. Amma akwai kalma ɗaya da ka wuce ta da gudu. Ka ce aikinka shi ne lura da dokokin tsabta. Ba lura aka rubuta ba. Enforce aka rubuta, kuma na san ta tun ba a haifi yayanka ba.

Baturen likita da ya koya mana wannan aiki Hausarsa ba ta da yawa. Ranar da na tambaye shi ma'anar kalmar, sai ya kama wuyan hannuna ya murɗe har na durƙusa a gaban 'yan'uwana, sannan ya sake ni yana dariya, ya ce, "Ka gane?" Na ce na gane. Ma'anarta a sa mutum ya bi doka, yana so ko ba ya so. Tilastawa ke nan. Daga baya na ji suna faɗinta a wurare da yawa: a kan doka, a kan umarnin Di'o, Baturen mulki, a kan alkawarin da aka ƙulla gaban alƙali idan ɗaya ya nemi zamewa, har a kan shirun da ake sa mutane su yi in Joji ya zauna. Abin da na lura shi ne kullum doka suke jerawa a bayan kalmar, ba sa ambaton mutum. In kana karantawa sai ka ɗauka dokar ce kawai ake turawa gaba, hanya babu kowa. Ni kuwa duk shekarun da na yi cikin kaki ban taɓa ganin doka ta zubar da hawaye ba. Mutane na gani.

Ban ce aikin banza ne ba. Na ga abin da ciwon shawara ya yi a garin nan, na ga yaran da zazzaɓi ya kwasa. Dokar tsabta tana da gaskiya. Hannun da ke riƙe da ita nake tsoro, don na san nawa.

Farkon kamawata aiki, ludayi mai dogon mariƙi nake yawo da shi. In na shiga gida sai in tsoma shi a randa in ɗaga wa hasken rana. In na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, doka ta ce a zubar da ruwan, a wanke randar, a rufe ta. Iyakar abin da ta ce ke nan. Wata rana a bayan kasuwa na shiga gidan wata tsohuwa mai kunun zaƙi, Iya Asabe. Na tsoma, na gani. Na ce ta zubar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, daga rafin Amba na ɗauko ruwan nan a kaina. In na zubar, kai za ka ɗebo mini wani da hular taka?" Matan gidan suka fashe da dariya. Dariyar ce ta ci ni, ba 'ya'yan sauron ba. Na ɗaga ƙafa na hamɓare randar ta tarwatse. Dariya ta tsaya, na fita ina jin na isa.

Ka san abin da ya biyo baya? Labari ya zaga gari. Daga ranar, da an hango kakina a bakin lungu sai mata su kinkimi tulunansu su tura ƙarƙashin gado, ko cikin rumbu, ko bayan ɗaki cikin ciyawa, su bar mini randa ɗaya wankakkiya a tsakar gida. In tsoma ludayi in ga ruwa garau, in rubuta unguwa ta tsabtatu. Sauro kuwa ya samu inuwa da bai taɓa samu ba. Na daɗe ban gane ba, sai da mahaifiyarka Fanna, Allah ya ji ƙanta, ta gaya mini, don har da ita ake ɓoyon in maƙwabta sun miƙo ta katanga.

Saboda haka ka tsaya inda dokar ta tsaya. In ta ce a zubar, kada ka fasa. In an yi maka dariya, ka haɗiye, ba ta kashe kowa. Kuma in ka shiga unguwa ka tarar komai tsaf, kowace randa a rufe, kowa yana murmushi, kada ka yi murna. Ka yi zargi. An riga ka isowa.

Amma ba don randa na ɗauki alƙalami ba. Don keken nan ne da ke jingine a zaure.

Alhaji Isa mai gishiri bai tako zauren nan ba tun zaman makokin mahaifiyarka. Jiya sai ga shi da kansa, yana tura sabon keke, ga goro a ganye. Ya zauna a buzuna yana kirana Baba Malam. Ya ce, "Yaron nan ai namu ne. Ma'aikacin En'e guda, a gan shi yana taka sayyada kamar mai tallar kuka? Ina! Ba a garin nan ba." Kai kuma kana shafa sirdin kana kaɗa ƙararrawa, ban ga laifinka ba. Da ka raka shi bakin ƙofa ya ɗan rage murya kawai, don kowa ya ɗauka ni kurma ne. Kunnena na hagu ne ya mutu, Umaru. Na dama yana nan. Na ji ya ce, "In ka sauka ka nemi wakilina. Zai nuna maka wani wuri a bakin hanya, matan nan masu dafa gishiri sun cika shi da tukwane da toka, ƙazanta dai. Kai ne mai doka yanzu." Na kuma ji ka ce, "Ba komai, Alhaji."

Akwai komai. Bari in gaya maka abin da ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ba.

Ka san katon siton Alhaji Isa na hanyar tasha. Kafin a gina shi gidan wani manomin doya ne, Ogiri, ɗan ƙabilar Alago. Katangarsa ɗaya da Maigida Sambo, mahaifin Alhaji Isa. Ogiri yana da rijiya a tsakar gidansa wadda ba ta ƙafewa ko da rani ya yi tsanani, rabin unguwar a nan suke sha. A wata damina Maigida Sambo ya gan ni ina yawon aiki ruwa yana dukana, washegari ya aiko mini da laima baƙa ta kanti, mai lanƙwasasshen mariƙi. A lokacin masu irinta a garin nan ba su da yawa. Bai nemi komai ba. Na yi ta godiya. Damina ta wuce, kaka ta wuce.

Sai da rani, ranar wata Juma'a muna fitowa masallaci, ya kama hannuna ya ce, "Malam Bukar, ba gulma ba ce, Allah ya sani. Yaran maƙwabcina nake ji wa tsoro. Rijiyarsu ta yi kusa da salgar gidana, su kuma ba sa jin magana. Kai ne mai doka." Ka ji kalmar? Ita ce ɗansa ya maimaita maka jiya, ko harafi bai sake ba.

Na je na duba. Gaskiya ne, salgar tana jikin katanga ta wannan gefe, rijiyar tana wancan, tazarar ba ta kai abin da doka ta ce ba. Na ce wa Ogiri sai a cike rijiya. Ya ajiye fartanyarsa ya ce da irin Hausarsa, "Malam, rijiya nan babana ya gina shi, ni ina yaro. Salga nan bana aka gina. Wane ne ya zo ya samu wani?" Na ce masa, "Ni ba tarihi aka aiko ni ji ba. Doka aka aiko ni." Na ji daɗin amsar a bakina, har na maimaita wa abokan aiki.

Ya ƙi cikewa. Na kai ƙara, aka ba ni 'yan doka da fursunoni masu kwanduna. Ina tsaye ƙarƙashin laimata suna juye ƙasa. Kafin su fara, matar Ogiri ta jefa guga ta jawo na ƙarshe, ta zuba a ƙwarya, ta zo gabana ta rusuna ta miƙo. Ta ce, "Sha, Malam. Ka ji ko yana wari." Ban karɓa ba. Ba don ina ƙyama ba. Tsoro nake kada in sha in ji shi da daɗi.

Matan unguwar suka koma Amba, ruwan da shanu ke shiga. Kafin damina ta kama, Ogiri ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin matarsa a Keana. Maigida Sambo ya rushe katangar ya haɗe filin. Na koma wucewa ta wurin bayan an fara gini, na tarar shi da kansa ya sa ana cike salgar. Na leƙa kafin su gama. Ban ga alamar an taɓa tsugunawa a kanta ba.

Dokar ta ce kada rijiya da salga su kusanci juna. Ba ta ce rijiya za a kashe ba. Ni na zaɓa, ko in ce laimar ta zaɓa mini. Da na sa an cike salga, da na bi doka daidai wa daida, babu Baturen da zai tuhume ni. Tunanin bai ma zo mini ba. Abin da ya fi damuna ke nan har yau: ban ji a jikina an saye ni ba. Na ɗauka aiki nake yi. Fanna ce ta sa wa laimar suna, laimar rijiya. In kaji sun shiga shanya sai ta ce wa yayarka, "Ɗauko mini laimar rijiyar babanku in kore su." Ban sake buɗe ta ba. Tana nan bayan ƙofata, ka sha ganinta.

To ka ji. In mutum ya nuna maka laifi da yatsa, ka dubi laifin, sannan ka juyo ka dubi yatsan, ka bi shi da ido har kafaɗar mai shi. Ka tambayi kanka in aka tashi mutanen nan wa zai zauna a wurin. Kuma ka yi tambayar da Ogiri ya yi mini na raina: wa ya tarar da wani? Matan Keana suna dafa gishiri tun kakannin kakanninmu ba su baro Barno ba. In tukwanensu suna bakin hanya, ina zaton hanyar ce ta zo ta same su. Mai yiwuwa akwai ƙazanta a wurin, ban gani ba. In akwai, ka sa a share. Shara dabam, tashi dabam. Amma ni ina jin ƙamshin sabon sito a maganar nan tun daga nan.

Ba ka jin Alago. Wannan ma ka sa a ranka. Duk wanda zai tsaya tsakaninka da matan nan yana fassara, dokar a bakinsa take, ba a hannunka ba. Za ka ce a share, ya ce musu a tashi. Za su ce sun ji, ya ce maka sun ƙi. In wakilin Alhaji ne ya kawo maka mai fassara, ka gode masa ka nemi wani. Ka koyi gaisuwarsu ko da za su yi maka dariya. Kada ka sauka a gidan wakilin, ko ya ce ɗaki a share yake. Kada ka ci tuwon gidan da za ka duba gobe. Wanda ya fara tarbarka a bakin mota ya karɓi akwatinka, ka riƙe fuskarsa da kyau, wani ne ya gaya masa ranar zuwanka. Za ka ce tsufa ya sa ina zargin kowa. Haka ne. Ina zargin mai kawo mini fura in ta cika ƙwarya fiye da kullum. Amma a zamanin da ban zargi kowa ba aka cike rijiya da hannuna.

Ban san ko Ogiri yana da rai ba. 'Ya'yansa mata dai sun isa dafa gishiri yanzu, kuma kamarka ɗaya da ni lokacin ina kamar shekarunka. In wata ta tsaya ta daɗe tana kallon fuskarka, ka san dalili. Ban ce ka je ba da haƙuri a madadina ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Kada dai a ce gida ɗaya ya tashe su sau biyu.

Ana ta cewa Turawa sun kusa tafiya, mulki zai dawo hannunmu. Allah ya sa alheri. Sai dai kalmar nan ba za ta bi su cikin jirgi ba. Za su bar muku ita tare da kaki da hula. Baturen da ya murɗe mini hannu bai san Maigida Sambo ba, bai ci goronsa ba. Ku kuwa kowa ya san gidanku, ya san abin da kuke sha'awa, ya san inda zai ajiye keke.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar rubutawa. Aikin nan ba ya tsayawa a bakin zaure, yana bin mutum har ciki. Na riƙa tsoma ludayi a randar gidana. Fanna takan ce, "Malam, mu sha, ko sai ka sa hannu a takarda?" Ina jin abin wasa ne. Yayanka Ali ya ce shi gyaran keke da agogo yake so ya koya, na ce makaranta, dole. Ya gudu, na sa ɗan doka ya kamo shi. Ya sake gudu, na ɗaure shi a turken akuya a tsakar gida, maƙwabta suna leƙe. Da ya kawo ƙarfi ya hau jirgi a tashar nan ya tafi wajen haƙar kuza, ko jana'izar uwarsa sai a bakin mutane ya ji. Ka san sau nawa ya rubuto. Yayarka tana Awe da 'ya'yanta, ba ta da laifi. Abokan aikina sun mutu. Mutanen da na yi shekaru ina shiga gidajensu ba sallama, ba su ga dalilin da zai sa su shigo nawa da sallama ba. Ina zaune a zauren nan ina jin takun mutane, su gaishe ni daga waje su wuce. Ba su ƙi ni ba, sun dai saba da cewa in na kusa a ɓoye tulu. In Allah ya ba ka iyali, ka tuɓe kakin a zaure kafin ka shiga.

Shi ya sa ba zan tilasta maka a kan keken ba. Ko ina so ma ba ni da ƙarfin murɗe hannun kowa yanzu, kuma na ga inda tilas ta kai ni. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Ƙauyukan da za ka zaga suna da nisa, rana tana da zafi, kuma na san Alhaji Isa ne ya yi maka magana a ofis aka ɗauke ka. Zai ji haushi. Yana iya kai sukarka wurin manya, yana iya sa a jefa ka wani daji. Ban ɓoye maka ba. Amma in ka hau keken nan ka shiga Keana, kowa zai ga kai na wane ne kafin ya ga kai na En'e ne, kuma ranar da wakilin zai nuna maka wurin, ƙafarka za ta taka feda ba tare da ta shawarce ka ba. Za ka ɗauka aiki kake yi.

Ga abin da nake roƙo. Gobe in za ka fita wajen mota, ka bar keken inda yake. Ba sai ka ce mini komai ba, ba sai ka fuskanci Alhaji ba. Ni zan mayar. Zan jira rana ta yi sanyi in tura shi a hankali har hanyar tasha, in jingina da shi in ƙafa ta gaji, ya fi sandata ƙarfi. In ya tambaya zan ce tsoho ne ya rikice, ya hana yaro. Ya zage ni, na saba. Laimar ma zan ɗaure ta a bayan keken, su koma tare, gida ɗaya suka fito.

In kuma na fito da safe na tarar zaure wayam, ba zan yi maka baki ba, Allah ya kiyaye. Addu'ata tana bin ka ko a ƙafa ko a sirdi. Zan dai san cewa ba ka kai ƙarshen takardar nan ba, ko ka kai ka ce "To, Baba."

Allah ya sauke ka lafiya, ya ba ka masauki na gari da maƙwabtan kirki. Ya tsare ƙafarka daga maciji, cikinka daga baƙon ruwa, hannunka daga abin da za ka daɗe kana tunawa. Ya sa in mata sun hango ka a bakin lungu su bar tulunansu inda suke. In an miƙo maka ruwa a ƙwarya, ka karɓa ka sha.

Ba zan fito rakiya ba, ƙafafuna ba sa son sanyin safiya. Sai na ji tashin motarku zan leƙa zauren.

Ni ne mahaifinka,
Malam Bukar, tsohon duba-gari.